Daga Detroit zuwa Zariya: faifan da aka naɗa babu fiyano

Wanda ya taɓa fita bayan garin Gombe da la'asar, ta hanyar Dukku ko ta Kumo, mai yiwuwa ya ji amon sarewar makiyaya yana tashi daga cikin garke. Wannan sarewa ta Fulani ce Yusef Lateef, shahararren mabushin saksofon da ya tashi a birnin Detroit na Amurka, ya duƙufa a kan nazarinta lokacin da ya zauna a Zariya.

Ya iso a shekarar 1981, yana da kimanin shekara 60, ya kuma yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello har zuwa 1985. Musulmi ne tun yana matashi, kuma bai yarda a kira kiɗansa da sunan jaz ba, ko da yake da shi duniya ta san shi.

A 1983 ya shiga ɗakin naɗar sauti a Legas tare da makaɗan Najeriya. Abin da suka naɗa shi ne faifan In Nigeria, wanda kamfanin Landmark ya fitar a Amurka a 1985.

A al'adar jaz, fiyano ne ke shimfiɗa wa mai busa turbar da zai bi, ganga kuma ta riƙe masa lokaci daga baya. A wannan faifai babu fiyano. Da aka cire shi, sai ganguna suka matso gaba, ya zama tilas Lateef ya kasa kunne, ya jira, sannan ya amsa, tamkar 'yan amshi a gaban zabiya. Ga kunnen da ya saba da kalangu wannan ba baƙon abu ba ne, domin a ƙasar Hausa ganga magana take yi, har kirari tana yi wa mutum. Baƙon abin shi ne gwani irinsa ya yarda ya koma ɗalibi.

Sai dai sunansa ne kaɗai ya yi tashe da faifan. Makaɗan da suka ɗauki rabin nauyin aikin ba kasafai ake ambatonsu ba, har a gida. A 1987 aka buga littafin da ya rubuta tare da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausawa. Ya rasu a watan Disambar 2013, yana da shekara 93.