Inda Kogi Ya Haɗu da Teku: Neman Wurin Fatsa

Masuncin da ya saba da Kogin Kwara a Yawuri ya san ruwa yana cika da damina, ya ja da rani. A bakin teku kuwa, cika da ja sau biyu ake yin su kowace rana. Tsakanin cika ɗaya da ta gaba akwai kimanin awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. Wata da rana ne ke jan ruwan, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lokacin da jansu yake haɗuwa.

A Ada Foah ta ƙasar Ghana, kimanin kilomita 100 gabas da Akara, Kogin Volta yake zuba cikin teku. Wurin cike yake da tsibirai da mashigai da itatuwan mangurob masu saiwoyi a sarari. Ƙananan kifaye da jatan lande suna fakewa cikin saiwoyin, manya irin su barakuda suna biyo cikar ruwa don farautarsu. Abin da ke jawo masu fatsa ke nan.

Gwanayen wannan harka ba sa zuwa da ƙugiya ranar farko. Sukan je lokacin da ruwa ya janye sarai, domin a sa'ar nan ce ƙasa ke tona asirinta: ga kwarin da ruwa ke bi, ga tudun yashi, ga taɓo mai haɗiye ƙafa. Bakin kwarin nan kifi zai taru in ruwa ya dawo, kuma kwarin ne zai fara cika ya datse wa mutum hanya ta bayansa, alhali gabansa busasshe ne. Don haka mai dubawa yakan tsayar da hanyar fita tun kafin ya zaɓi wurin tsayawa. Sannan ya tambayi masu kwalekwalen garin, domin yashin bakin kogi yana ƙaura, taswirar bara ba lallai ta yi aiki bana ba.

An ga illar rashin wannan sani a Morecambe Bay ta Ingila. Daren 5 ga Fabrairu 2004, ruwa ya rutsa da 'yan ƙasar Sin masu tsintar ƙumba a kan yashi mai nisa da gaɓa, aƙalla 21 suka nitse. Baƙi ne a wurin, kuma duhu ya rufa.

Ruwan sama ma yana da nasa haɗarin. A Oktoban 2023, da aka saki ruwa daga madatsar Akosombo da ke kan Kogin Volta bayan ta cika, garuruwan da ke ƙasa da ita irin su Mepe sun sha ambaliya.

Sauran haɗurran a ƙarƙashin ƙafa suke. Kunamar ruwa tana kwanciya cikin yashi, sai a riƙa jan ƙafa a ƙasa don ta ji motsi ta gudu. Duwatsu masu gansakuka sun fi sabulu santsi, kuma masu fatsa a kansu sukan zauna su kalli raƙuman ruwa na ɗan lokaci kafin su sauka, ba sa kuma juya wa teku baya. Yawan mutuwa a irin wuraren nan ya sa jihar New South Wales ta Ostireliya ta yi doka a 2016, wadda ta wajabta sa rigar hana nitsewa a yankunan da aka ayyana.

Kafin fita, mai fatsa yakan sanar da gida inda za shi da lokacin dawowarsa, ya tafi da abokin tafiya. Wayarsa tana cikin leda mai hana ruwa, a rataye a wuya, tare da usur da tocila.