Zauren Zinare na Biyana, Inda Ado Ke Yi wa Kunne Aiki

Duk ranar 1 ga Janairu, gidajen talabijin na ƙasashe sama da 90 kan haska wani zaure mai walƙiyar ruwan zinare a Biyana, babban birnin Ostiriya, inda makaɗa ke tarbar sabuwar shekara. Sunan ginin Musikverein. Masu kallo adonsa ke ɗauke musu hankali, amma makaɗa daɗin sautinsa suke yabo, kuma da gaskiyarsu.

Bayan Sarki Franz Joseph ya ba da umarnin rushe ganuwar birnin a 1857, fili ya samu, sai a 1863 ya yanka wa ƙungiyar masoya kiɗa ta Biyana nata rabo. Theophil Hansen, ɗan ƙasar Denmak, shi ya zana ginin. Ya yi shekaru a Atina, shi ya sa ginshiƙansa suka fito da kamannin tsofaffin gine-ginen Girka. An buɗe shi ranar 6 ga Janairu, 1870.

Babban zauren dogo ne siriri kamar akwatin takalmi: tsawonsa kimanin mita 49, faɗi 19, daga daɓe zuwa rufi 18, da kujeru 1,744. Wannan ƙarancin faɗi shi ne sirrin farko. Sauti na dukan bangon dama da na hagu ya dawo kunne nan take, mai sauraro ya ji kiɗa ya kewaye shi. Mutum-mutumin mata da aka jera a gefe, da baranda, da sassaƙe-sassaƙen rufi, waɗanda baƙo zai ɗauka almubazzaranci ne kawai, su ke warwatsa sautin don kada ya koma amsa-kuwwa. Ƙarƙashin daɓen katako kuma akwai sarari da ke ƙara wa kiɗa kauri. Ko zauren ya cika maƙil, sauti kan yi kusan daƙiƙa biyu kafin ya mutu.

Abin mamaki, Hansen ba shi da lissafin da zai auna wannan duka. Sai a 1900 aka buɗe zauren Boston na Amurka, wanda Wallace Sabine ya tsara sautinsa bisa ilimin kimiyya. A ganina rabin nasarar Hansen gwaninta ce, rabi kuma sa'a.

Da ƙungiyar ta buƙaci ƙarin wuri, ƙasa ta haƙa. A 2004 ta buɗe sababbin zauruka huɗu a ƙarƙashin ƙasa, ta bar tsohon da siffarsa.