Manɗiƙi: Yadda Ake Auna Hujja

Yaro ya kwana jikinsa na zafi, da safe aka ce: "Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, jikinsa yakan yi zafi. Ga shi jikin yaron nan ya yi zafi. Ashe zazzaɓin cizon sauro ne." Aka aika kemis aka sayo magani. Maganar ta yi kama da ta hankali, amma hujjar gurguwa ce, domin taifot da ƙyanda da sanƙarau duk suna kawo zafin jiki. Ilimin da ke gano irin wannan gurguntaka shi ake kira manɗiƙi.

Fannin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kansa, har ya kare shi a gaban Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya hana karanta shi. Asalinsa kuwa daga Girka ne, wurin Aristotle, amma reshen da ake magana a kansa a nan Chrysippus ne ya kafa shi a ƙarni na 3 kafin Miladiyya.

Wannan reshe yana farawa ne da furuci, watau jimlar da dole ta kasance gaskiya ko ƙarya, babu tsaka-tsaki. "Kogin Kwara ya ratsa Yamai" furuci ne, kuma gaskiya ne. "Bakwai ta fi tara yawa" shi ma furuci ne, ko da yake ƙarya ne. Tambaya da umarni, kamar "Rufe ƙofa", ba sa cikin lissafi. Don taƙaitawa akan sa haruffa irin su P da Q a madadin furuci, sannan a haɗa su da ƙananan kalmomi. "P kuma Q" ba ya zama gaskiya sai dukansu biyu gaskiya ne. "P ko Q" yana zama gaskiya muddin ɗaya daga cikinsu gaskiya ne, har ma in dukansu ne, abin da ya ɗan saɓa wa maganar yau da kullum, inda "shayi ko koko" ke nufin a zaɓi ɗaya.

Mahaɗin da ya fi ba ɗalibai wahala shi ne "idan P, to Q". A hali ɗaya tak yake zama ƙarya: lokacin da P ta tabbata amma Q ta ƙi tabbata. Alal misali, uba ya ce wa ɗansa, "Idan ka ci jarrabawa, zan saya maka keke." In ɗan ya ci aka hana shi keke, an saɓa alkawari. In ya faɗi kuma uban ya ga dama ya sayo keken, ba wanda zai kira shi maƙaryaci, domin bai ce komai ba game da faɗuwa.

Daga nan ake samun hanyoyi biyu ingantattu. In an yarda da "idan P, to Q", kuma P ta tabbata, lalle Q ta tabbata. In kuwa Q ce ba ta tabbata ba, lalle P ma ba ta tabbata ba. Hujjar da aka kafa a kan yaron nan hanya ta uku ta bi: an ga Q, aka yanke hukuncin P. Ana gane kuskuren ta hanyar jera dukan halayen da za su yiwu, waɗanda guda 4 ne in furuci biyu ne, 8 in uku ne. Sai a nemi halin da muƙaddimomi duka gaskiya ne amma natija ƙarya. In an samu ko da ɗaya, hujja ta rushe. A nan akwai shi: yaro mai taifot.

Sai dai ingancin tsari ba ya tabbatar da gaskiyar muƙaddima. Wanda ya ce "jikinsa ba zafi, don haka ba zazzaɓin cizon sauro ba ne" ya bi hanya ingantacciya, amma muƙaddimarsa ta farko tana da rauni, tun da zafin wannan cuta yakan sauka ya dawo. Wannan kuwa aikin gwajin jini ne, manɗiƙi ba shi da ta cewa.

Malami zai iya gwada ajinsa da jarrabawar da Peter Wason, masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, ya fito da ita a 1966. A ajiye kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗayar, ana ganin A, K, 4 da 7. Ƙa'ida ita ce: idan akwai wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa tana rabuwa biyu ba saura. Waɗanne katuna ne dole a juya don a gwada ƙa'idar? Da yawan mutane sukan zaɓi A da 4. Amsar ita ce A da 7, domin duk harafin da ke bayan 4 ba zai karya ƙa'idar ba, amma in aka tarar da wasali a bayan 7, ta karye.