Ko Ka Sani? Dalilin da Ya Sa Tsohuwar Fijo Ta Ƙi Mutuwa

A Amurka akwai mutanen da za su sayi Ford Mustang ƙirar 1965 ko Chevrolet Bel Air ta 1957, ta ruɓe a cikin rumfa shekara da shekaru, su kwance ta kusa bayan kusa, su yi shekara uku ko biyar suna haɗa ta a ranakun hutu. In sun gama ba lodi za su yi mata ba. Goge ta za su yi ta yi ƙyalli, su kai ta baje koli a yi ta kallo. A Maraɗi ma ana ta da matacciyar mota, amma ba don sha'awa ba. Wanda ya tayar da ita so yake gobe da asuba ta ɗauko buhunan zogale da tumatir daga Jiratawa, ko ta kwaso ƴan kasuwar Tibiri ranar Litinin da Juma'a. Motar da ta fi kowace shan wannan tayarwa a ƙasar Hausa kuwa ba ta Amurka ba ce, Fijo ce, musamman 504 da yayarta 404, wadda ƙirarta mai buɗaɗɗen baya ta samu laƙabin akori-kura.

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a 1960, sannan 504 a 1968, kuma gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara surarsu. A 1969 aka zaɓi 504 gwarzuwar motar Turai. Wannan duk labarin Turawa ne. Abin da ya shafe mu shi ne a 1975 ta lashe gasar Safari ta Kenya a hannun Ove Andersson, a kan turɓaya da laka, kuma a wannan shekarar ce masana'antar PAN ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ba ta saki ba sai tsakiyar shekarun 2000. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar ƙasa da kilomita 100 ce, saboda haka kayan gyara ba su taɓa yi wa garin nisa ba. Ta arewa ma motar ta yi ta kwararowa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun riƙa sayen tsofaffin Fijo da arha, su keto Sahara ta Tamanrasset da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko gaba, su hau jirgi da kuɗin su koma gida.

To mene ne a cikinta? Sirrin farko yana cikin injin. A yawancin motoci, ramin da fistin ke hawa da sauka a cikinsa an huda shi ne a jikin ƙarfen injin. In ya cinye, sai an kai injin ɗungurungum wurin mai na'ura ya faɗaɗa ramin, kuma sau nawa za a faɗaɗa kafin bango ya yi siriri? A Fijo kuwa kowane fistin yana zirga-zirga ne cikin wani bututun ƙarfe da ake zarewa, wanda Faransawa suka raɗa wa suna riga, ruwan sanyaya injin yana kewaya bayansa kai tsaye. In rigunan huɗu sun tsufa, mota ta fara shan baƙin mai tana tururin hayaƙi, bakanike zai tuɓe su ya zura sababbi tare da fistin da ringi. A ƙarƙashin bishiyar dogonyaro za a yi aikin, da tabarma da kwanon fetur na wanke kusoshi, injin ya koma kamar jiya aka ƙera shi. Ana iya maimaita haka sau da dama a rayuwar mota ɗaya.

Na biyu yana ƙarƙashin ciki, inda ba mai kallo. Sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafafun baya an rufe ta cikin wani kakkauran bututu, don haka yashi da tsakuwa ba sa samun ta. Ƙafafun kuma suna da doguwar tazarar lotsawa da miƙewa, cikinta na nesa da ƙasa. Doguwar nan mai layi uku na kujeru, wadda aka yi wa mutum bakwai amma tasha ta mayar ta tara ko goma ban da awaki a bisa, tana da sifirin biyu a kowane gefe na baya. Wanda ya taɓa shiga ta a kan hanya mai gargada ya san yadda take lilo kamar raƙumi, ba ta buga ƙugu.

Na uku shi ne rashin kwamfuta. Kafireta ce ke haɗa mai da iska, wuta kuma tana zuwa ta hanyar da ido ke iya bi daga batir har fulogi, ko buji in ji mutanen wannan gefen iyaka. Garejin Maraɗi harshe biyu yake ji, rabin sunayen kaya daga Faransanci, rabi daga Ingilishin Najeriya, kuma yaron gareji yakan haddace duka kafin ya iya riƙe sifana daidai. Tsohon bakanike yakan kara kunne a jikin injin ya gaya maka inda ciwon yake. Motar yau sai an jona mata na'ura ta faɗa da bakinta, in ba na'urar kuwa sai kallo.

Akwai wata sa'a da ƙasarmu ta ba ƙarfe. Babban abokin gabar mai gyaran tsohuwar mota a arewacin Amurka tsatsa ce, domin gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarfe daga ƙasa. Shi ya sa suke tafiya jihohin hamada irin Arizona neman gangar jiki mai lafiya. Ita kanta 504 tsatsa ce ta ƙarar da ita a Turai. A nan damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara iska busasshiya. Namu ciwon daban ne: ƙurar hunturu da ke shiga injin ta goge riguna kamar sanfefa in matatar iska ta yage, lodin da ya wuce kima, da zafin bazara. Kan injin na alminiyom ne a bisa gangar baƙin ƙarfe, in lagireto ya toshe da ruwan rijiya aka bar mota ta tafasa, kan yakan karkace, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da mai. Da yawa daga cikin Fijon da aka jingine a lungu, wannan ne ajalinsu.

A ganina, in za a kwatanta Maraɗi da wani wuri, Havana ta Kuba ta fi Amurka dacewa. Tun da takunkumi ya yanke wa Kuba kayan gyara a farkon shekarun 1960, direbobinta suke riƙe da Chevrolet da Buick na shekarun 1950, da injin dizal na wata mota a ciki da ƙofar da maƙeri ya buga. Ba'amurke mai sha'awa zai ce an ɓata asali, domin shi lambar injin ma so yake ta dace da ta gangar jiki. Bakaniken Sabon Gari ba ruwansa da wannan. Fitilar Toyota, kujerar da mai ɗinki ya sake yi da leda, igiyar roba a madadin makullin but, in dai ta tashi da bugu ɗaya an gama magana.

Sai dai yawansu na raguwa. Toyota da aka shigo da su ta Kwatano da Lome sun fi su ƙarancin shan mai, Hayis ta karɓe dogon zango, babura da adaidaita sun karɓe gajere. Wadda ta kwanta kuma ba ta daɗewa, masu sayen tsohon ƙarfe za su sare ta su auna a sikeli. A wani gefen duniya farashin ya juya. Babbar ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka tana karɓar duk motar da ta cika shekara 25, kuma an sayar da 504 a can kafin Peugeot ta bar kasuwarsu a 1991. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka saye ta kimanin dala miliyan 2.5, ko da yake sunan mai ita aka saya, ba ƙarfen ba. Ƴar'uwarta ƙirar wannan shekarar tana iya kasancewa yanzu haka a bakin hanyar Madarunfa, an ɗage bonet, direba na hura tiyon mai da baki, fasinjoji sun sauko suna jiran a ce a tura.