Aleem Dar: Alƙalin da Ya Riƙe Amana a Filin Kurket

A gasar cin kofin duniya ta kurket da aka yi a shekarar 2011, sau 15 'yan wasa suna ƙin yarda da hukuncin wani alƙali, suna neman a koma ga na'ura ta duba. Duka sau 15 ɗin na'urar ta ce alƙalin ne ke da gaskiya. Sunansa Aleem Dar, mutumin ƙasar Pakistan. Na daɗe ina bibiyar labarinsa, domin a ganina rayuwarsa ta ishi duk wanda aka ɗora wa alhakin raba gardama darasi, ko da bai taɓa ganin filin kurket ba.

Da yake wasan bai yaɗu a wajenmu kamar ƙwallon ƙafa ba, bari in fara da bayanin aikin. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon kusan mita 20, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana rugowa ya wurgo ƙwallo mai tauri da nufin ya buge turakun, mai bugu kuma yana tsaye a gabansu da katako yana karewa, yana neman maki. Jifa shida ke yin zango ɗaya. Alƙalai biyu ne a cikin fili: ɗaya a bayan turakun da ke ɓangaren mai jifa, ɗayan a gefe, kuma suna musayar aiki bayan kowane zango.

Hukuncin da ya fi wuya shi ne idan ƙwallo ta bugi ƙafar mai bugu. Dole alƙali ya tantance inda ta dira a ƙasa, ya tabbatar ko ta taɓa katako kafin ta kai ga ƙafa, sannan ya ƙiyasta ko da ba don ƙafar ba za ta buge turaku. Ƙwallon nan takan zo da gudun kilomita 140 a awa, wato cikin kusan rabin sakan ta iso. Nan take 'yan wasan da ke tsaron fili za su juyo kansa da ihu, hannuwa sama. In ya gamsu, sai ya ɗaga ɗan yatsansa guda, mai bugu ya fice. In bai gamsu ba, ya girgiza kai. A babban wasa, wanda ake kwana biyar ana yi, akan yi zango 90 a yini, jifa 540 ke nan, kuma mutum yana tsaye a rana kusan awa shida. Jifa ɗaya ya gafala a kai, ita ce za a yi shekaru ana tuna masa.

An haifi Aleem Dar ranar 6 ga Yunin 1968 a garin Jhang na lardin Punjab. Burinsa na ƙuruciya shi ne ya buga wa ƙasarsa wasa. Ya buga wa ƙungiyoyin cikin gida irin su Lahore da Gujranwala da ta ma'aikatan jirgin ƙasa, amma Allah bai nufa zai shiga babbar tawagar Pakistan ba. Maimakon ya bar harkar da ɓacin rai, sai ya koma koyon alƙalanci. A watan Fabrairun 2000 ya yi alƙalancin wasansa na farko tsakanin ƙasashe, inda Pakistan ta kara da Siri Lanka a Gujranwala, yana ɗan shekara 31.

Shekara uku bayan haka aka kira shi gasar cin kofin duniya ta 2003 a kudancin Afirka. A nan ya gamu da jarrabawar da daga baya ya ce ita ce mafi ɗaci a rayuwarsa. Yana can, 'yarsa 'yar wata bakwai ta rasu a gida. Matarsa da danginsa suka ɓoye masa har tsawon lokaci, don kada hankalinsa ya rabu biyu a damar da ya daɗe yana jira. Duk sa'ad da na tuna wannan, nakan ga cewa rabin ladan nasarar mutumin nan na matarsa ne, wadda ta haɗiye kukanta ita kaɗai.

A watan Oktoban shekarar ya tsaya a wasansa na farko na kwana biyar, tsakanin Bangladesh da Ingila a Dhaka. A 2004 Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta sa shi cikin rukunin manyan alƙalanta, kuma shi ne ɗan Pakistan na farko da ya samu wannan matsayi. Rukunin yana da tarihi. A da, ƙasar da ke karɓar baƙi ita ke kawo alƙalai, baƙi kuma kullum cikin ƙorafin son kai. Imran Khan, lokacin yana kyaftin ɗin Pakistan, ya matsa aka gayyato alƙalai biyu daga Indiya a 1986. Daga 2002 aka mayar da shi doka cewa alƙalan wasan kwana biyar su fito daga ƙasar da ba ta cikin karawar. Saboda wannan doka, Aleem Dar ya yi ta yawon duniya daga Landan zuwa Melbourne, yana watanni ba ya gida, bai kuma samu tsayawa a wasan kwana biyar a ƙasarsa ba sai a Janairun 2021 a Karachi, bayan annobar korona ta sa an sassauta ƙa'idar.

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2007 a Barbados, tsakanin Ostiraliya da Siri Lanka, shi da abokan aikinsa sun ruɗe game da doka bayan duhu ya fara shiga. Wasan ya riga ya kai inda za a iya bayyana zakara, amma suka ce saura zango uku, aka ƙarasa su cikin duhu. ICC ta hukunta jami'an biyar duka, ta hana su aiki a gasar duniya ta gaba da aka yi a shekarar. Haka nan a 2013 a filin Trent Bridge na Ingila, ƙwallo ta goga a katakon Stuart Broad na Ingila, aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, abin da ke fitar da mai bugu, kowa ya gani, Aleem Dar ya ce bai fita ba. Ingila ta ci wasan da maki 14 kacal, jaridu suka yi masa ca.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ya tashi bayan faɗuwa. Shekara biyu da hukuncin 2007, aka zaɓe shi gwarzon alƙalin duniya, ya kuma riƙe kambun sau uku a jere: 2009 da 2010 da 2011. Kafin shi, Simon Taufel na Ostiraliya ne ya lashe shi sau biyar. Nasarar Aleem Dar ta zo daidai da lokacin da aka shigo da tsarin ɗaukaka ƙara zuwa na'ura, wanda aka gwada a 2008, aka ƙaddamar a 2009. Tsarin yana bin sawun ƙwallo da kyamarori, yana kuma jin ƙarar gogarta a katako. In alƙali ya yi kuskure, sai a nuna a babban allo, ya ɗora hannuwansa a kafaɗu a gaban dubban jama'a ya janye hukuncinsa. Mai girman kai ba ya daɗewa a irin wannan aiki. Aleem Dar kuwa an san shi da sanyin hali, ba ya gaggawar ɗaga yatsa, ba ya kuma ɗaga murya ga ɗan wasa. Shi da Taufel aka ba wasan ƙarshe na kofin duniya na 2011 a Mumbai, ranar da Indiya ta ɗauki kofi.

Siyasa ma ba ta ƙyale shi ba. A Oktoban 2015 ICC ta janye shi daga wasannin Indiya da Afirka ta Kudu saboda barazanar 'yan jam'iyyar Shiv Sena ta Indiya, ba don wani laifi ba sai don shi ɗan Pakistan ne. Ya tattara kayansa, ya ci gaba da aiki a wasu ƙasashe. A Disambar 2019 a Perth ya tsaya a wasansa na kwana biyar na 129, ya wuce tarihin Steve Bucknor na Jamaika. A Nuwambar 2020 a Rawalpindi ya wuce Rudi Koertzen na Afirka ta Kudu a yawan wasannin yini ɗaya. Ya sauka daga rukunin manyan alƙalai a 2023 bayan shekara 19, da wasannin kwana biyar 145 a tarihinsa. Ƙasarsa ta karrama shi da lambar yabo ta Sitara-e-Imtiaz. A wajen fili kuma, lokacin kullen korona na 2020, ya buɗe gidan abincinsa na Lahore ga waɗanda suka rasa aikin yi, su ci kyauta.

Mun saba yaba wanda ya ci ƙwallo, mu bar alƙali da zagi da jifa. Na sha ganin haka a filayen unguwa, kuma yana damuna, domin babu wasan da zai yiwu in babu wanda kowane ɓangare ya yarda zai faɗi gaskiya. Aleem Dar ya samu wannan yarda ne da sanin doka, da haƙuri, da karɓar gyara in ya kauce. Matashin da ƙafarsa ba ta kai shi babbar ƙungiya ba, ya sani akwai wata ƙofa mai daraja a buɗe, sai ya je ya koyi alƙalanci da gaske. Mu kuma 'yan kallo, mu ba masu wannan aiki mutuncin da ya dace da su.