Bayani a Kan Yadda Hasken Rana Ke Cika Batirin Mota

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Gaya da Ajingi ya shiga lissafin da bai saba ba, har ta kai wasu na tambaya ko faifan solar da ke cajin waya da tayar da ruwan burtsatse zai iya tuƙa abin hawa. Amsa ita ce zai iya, amma da sharaɗi.

Asalin faifan nan yashi ne, wanda ake narkawa a tace har a fitar da wani ma'adini mai suna silikon, sana'ar da ba za ta zama baƙuwa ba ga jikokin Abagayawa, maƙeran da aka ruwaito sun taso daga Gaya zuwa Dala neman tama. Idan haske ya sauka a kansa, sai ya zaburar da wasu ƙwayoyi waɗanda ido ba ya riskarsu, su kwarara ta cikin waya fuska guda, kuma kwararar nan tasu ita ce lantarki. Haske ake bukata. Zafi kuwa rage wa faifan ƙarfi yake yi, kamar yadda ƙurar hunturu ke yi in ba a goge ta ba. Daga faifan, wutar takan bi ta wata na'ura mai daidaita ta, domin batirin litiyom, duk da yawan abin da yake haɗiya, ba ya jure a ɗura masa fiye da kima, sa'an nan a adana ta a batiran tashar caji, ko inbata ta juya ta zuwa irin wutar gida, wadda ita kuma motar za ta sake juyawa kafin ta shiga cikinta. A kowace juyawa akwai hasara kaɗan.

Sharaɗin da muka ambata lissafi ne. Faifai mai wat 400, in ya sami awa 5 na cikakkiyar rana, abin da ba ya wuya a ƙasar Kano, zai ba da kimanin yunit 2 a yini, alhali batirin Hyundai Kona, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, yunit 64 yake ci. Ke nan sai faifai 32 ko fiye sun yini suna aiki kafin ya cika. Saboda haka mai zaton ya ɗora faifai ɗaya a rufin mota ya kama hanyar Wudil, lalle bai yi hisabi ba. Shi ya sa ake bukatar tashar caji sukutum, irin wadda aka gina a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, zamanin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, kuma a Maiduguri Mustapha Gajibo ya mai da ƙananan bas masu shan fetur su koma aiki da batir.

A ganina, rabon Gaya da Ajingi yana ga babur da A-Daidaita-Sahu, waɗanda batirinsu bai wuce 'yan yunit ba, ta yadda rumfa ɗaya a bakin kasuwa, mai faifai goma sha, za ta cika batira da dama tsakanin hantsi da la'asar, direba ya ajiye wanda ya ƙare, ya biya, ya ɗauki cikakke.