Maganaɗisu, Zafi da Ciwon Daji: Gaskiyar Magana ga Mutanen Bagudo

Duk wanda ya san kasuwannin bakin iyaka irin su Tsamiya da Lolo ya san magani na shigowa daga Jamhuriyar Benin kamar yadda sauran kaya ke shigowa, kuma labari na rigan kayan isowa. Wani labarin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne wai Turawa sun gano maganaɗisu da zafi na kashe ciwon daji. Daga nan sai mai awarwaron maganaɗisu ya sami abin talla, mai sakiya kuma ya ce ai dama kakanninmu sun riga su. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa ƙaryar da ke manne da ita take da haɗari.

Gaskiya ne likitoci sun yi amfani da zafi a kan daji. Tun 1957 wani likitan fiɗa a Amurka, Gilchrist, da abokan aikinsa suka gwada dabarar a jikin dabbobi. Ga yadda dabarar take: ana ɗura ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin sinadarin ƙarfe cikin ƙarin kansa, ba a jikin fata ba. Kowace ƙwaya ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Sannan a kwantar da majiyyaci a wata na'ura mai juya ƙarfin maganaɗisu kimanin sau 100,000 a daƙiƙa ɗaya. Wannan juyin ne ke sa ƙwayoyin su yi zafi, ƙarin ya kai digiri 41 zuwa 46 ko ya haura, alhali jikin mutum yana kan 37. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙari a hargitse suke, ba sa kwashe zafi yadda na lafiyayyen nama ke yi, kuma ƙwayar dajin da ta sha zafi tana kasa gyara kanta idan aka haɗa mata da gashi na asibiti, wato radiotherapy.

Amma cewa wannan ya zama maganin daji, ƙarya ce. Andreas Jordan da abokansa a asibitin Charité na Berlin ne suka kai aikin ga mutane, kamfanin MagForce ya sami izinin Turai a 2010 don ƙarin ƙwaƙwalwa. A binciken da aka wallafa a 2011, mutum 59 da wani mugun dajin ƙwaƙwalwa ya dawo musu sun sami wannan magani tare da gashi. Rabinsu sun rayu fiye da wata 13 bayan dawowar ciwon, a inda aka saba ganin kimanin wata 6. Ƙarin watanni abu ne mai daraja ga iyali, ba na raina shi. Sai dai ba warkewa ba ce, kuma ba a raba majiyyatan gida biyu aka gwada su kafaɗa da kafaɗa ba, wanda shi ne ma'aunin da likitoci suka fi yarda da shi. Aikin ma yana da sharuɗɗa masu nauyi: sai an cire ƙarfen da ke kusa da wurin, har cikon haƙori. A 2022 kamfanin ya karye.

Awarwaro ko ɗamarar maganaɗisu kuwa ba su da alaƙa da wannan ko kaɗan. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya haifar da zafi, kuma babu ƙwayoyin ƙarfe a cikin ƙarin da zai motsa.

Sakiya ce ta fi damuna. Ƙarfen da aka ciro daga wuta yana ƙona fata ne da naman da ke kusa, ya bar tushen ƙarin a ciki. Macen da aka yi wa haka a mama tana iya ƙarewa da gyambon da ya ƙi warkewa, watanni su wuce ana wanki ana shafe-shafe, ciwon kuma yana bin hanyarsa zuwa hammata da huhu da ƙashi. Haka nan maganar da muka taso muna ji, wai daji ba ya son allura ko wuƙar likita. Abin da ke faruwa shi ne yawanci ba a kai mara lafiya asibiti sai ciwon ya ci jiki, idan ya rasu sai a ɗora wa allura laifi. Dajin mama da aka kama da wuri ana warkewa daga shi da fiɗa da magani da gashi.

Jiharmu ta Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙin. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, uwargidan tsohon gwamnan jihar, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, an zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, UICC. Wanda ya ji kumburi a mama ko wuya ya ƙi bajewa, ko mace ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ya fara da asibitin da ke kusa, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi a ɗebi nama a auna. Idan ana bukatar gashi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato yana da sashen wannan aikin.